Mataki Na Goma

Lyon, Faransa
12 ga Oktoba, 2005

Zuwa ga yayata Sahiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Mas'udu da yara. Ya azumi? Ya Baba Chindo da ciwon gwiwarsa? Na ji a rediyo irin yunwar da aka sha bana a ƙasar Tawa, ranar abinci bai shiga bakina ba. Allah Ya sa gero ya shigo. Ni lafiyata ƙalau, sai sanyi da ya fara da kewar fura.

Albishirinki, na gama karatu har na samu aiki. Na san za ki yi dariya, to ki yi ki gama sannan ki ci gaba da karatu. Kamfani ne ƙarami, mu ashirin da bakwai, muna gina wasa na kwamfuta wanda mutane dubbai za su shiga ta intanet a lokaci guda, kowa daga ɗakinsa. Ƙasa ce irin ta tatsuniya, da dodanni da birane masu ganuwa. Duk wanda ya shiga sai ya zaɓi rukunin da yake so ya zama, mayaƙi ko maharbi ko mai magani, har da ɓarawo, kuma kada ki ga yawan masu son wannan. Kowa yana farawa bai iya komai ba. Sai ya yi aiki ya tara maki, ya hau mataki, a buɗe masa wata gwanintar da ba shi da ita jiya. Bai fito ba tukuna, sai ƙarshen baɗi.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A tsarinsu na farko maƙeri wani mutum ne kawai da ke tsaye a kasuwa yana sayar da takubba, ba ya ko motsi. Raina ya ɓaci. Na miƙe a taro na ce ni ɗan maƙera ne, kaka da kakanni, kuma dole maƙeri ya zama rukunin da mutum zai zaɓa kamar sauran. Suka ce to, kai za ka tsara shi. Da na zauna gaban takarda sai na ga ban san komai ba. Ina shekara shida mahaifina ya rasu aka kai ni lakwal, makarantar boko, a Ƙonni, daga can Yamai, daga can nan. Abin da na riƙe daga maƙerar gidanmu ƙamshin gawayi ne kawai. Na ji kunya, Yaya.

Don Allah ki je Tsarnawa ki zauna da Baba. Ke mahaifinki ne, ni kuma yayan mahaifina ne, ba ni da wanda ya fi shi. Ki ce ina roƙonsa ya faɗa mini matakan ƙira tun daga na farko har na ƙarshe, kamar yadda zai koya wa wanda zai fara gobe. Kada ya tsallake komai.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙaninki,
Lukman


Malbaza
4 ga Disamba, 2005

Ƙanena Lukman,

Takardarka ta iso bayan ƙaramar Sallah. Muna lafiya, Mas'udu yana gaishe ka. Gero ya shigo, ba mai yawa ba, amma dai an daina jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci don a ci. Gwiwar Baba tana nan, taurin kansa ma yana nan.

To, shekara goma sha tara ana karatu, ashe wasa za a je yi. Ni ina nan ina fama da 'yan aji huɗu su bar wasa su riƙe alli, ƙanena kuma can ana biyansa don ya yi shi. Allah Ya sa albarka, ni ban ce komai ba.

Ranar Asabar na sauka Tsarnawa. Na tarar da Baba a maƙera yana riƙe da ƙarfe, Zakariya'u yana bugu. Ka dai tuna Zakariya'u, ɗan Gwaggo Hawa'u, wanda aka kawo wa Baba tun muna yara. Shekararsa ashirin da biyu ke nan a gindin wutar nan. Na karanta wa Baba abin da ya kamata ya ji. Lukman, tun rasuwar mahaifinka ban ga fuskar tsohon nan ta yi haske haka ba. Ya ajiye awartaki, ya sa na maimaita wurin da ka ce "wanda zai fara gobe" har sau uku. Sannan ya ce, "Barewa ba ta gudu ɗanta shi yi rarrahe. Ɗauko alƙalaminki, ɗiyata."

Ga abin da ya ce, yadda ya fito daga bakinsa:

"Na hwarko gawayi. Wanda bai san ƙirya cikin itace ba, bai san komi ba. Shi sare, shi ƙone, shi ɗauko bisa kainai. Sannan zuga-zugi, shekara ukku, ba shi taɓa ƙarhe ko da wasa. Nan za shi san sa'ad da wuta ka jin yunwa da sa'ad da ta ƙoshi. Ubanai Buba kuka ya riƙa yi bisa zuga-zugi, ki hwaɗa mishi, kuma shi ya hi ni hannu daga baya. Na ukku riƙon awartaki. Na huɗu ido. Ƙarhe in ya yi ja bai nuna ba, in ya yi ruwan ɗorawa ka buga, in ya yi hwari shina tartsatsi ka ɓata ma mutane kaya. Na biyar masaba, bayan hannun ubangida, inda ya sa nan za ka sa. Daga nan a ba ka ƙanana, basilla da ƙusa da aska. Sai lauje da hauya. Sai gatari da galma, inda a ka haɗa ƙarhe biyu su koma guda. Na tara ban ruwa ga wuƙa da takobi, shi kau da kunne a ka yin shi, kukan ƙarhe cikin ruwa za ka saurara."

Ya tsaya a nan, na ce saura na ƙarshe. Ya ce na goma ba ya hawa takarda. Asirin wuta ne, wanda ke sa maƙeri ya ɗauki jan ƙarfe da hannu ranar wasan maƙera, ya kuma tofa wa wanda ya ƙone ya warke ba tabo. Baki da kunne ake ba da shi, ga mutum ɗaya tak, wanda zai gaji uwar maƙera, wato ƙarfen nan da ake ƙira a kansa tun zamanin kakan kakanmu.

Wani abu kuma. Da ma Baba ya yi niyyar damƙa wa Zakariya'u uwar maƙera ranar Sallar Layya a gaban jama'a, tunda Allah bai ba shi ɗa namiji ba, kai kuma ka yi nisa. Yanzu ya ce a dakata. Kada wannan ya dame ka, zan san yadda zan yi. Yana tambaya yaushe za ka zo.

Yayarka,
Sahiya


Lyon
9 ga Fabrairu, 2006

Yaya Sahiya,

Barkanku da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Ina fatan yara sun ci nama har sun ture. Ni mura ce ta kwantar da ni kwana huɗu, amma na miƙe.

Yaya, takardar nan taki zinariya ce. Na fassara musu maganar Baba a taro, kowa ya kasa kunne. Wata abokiyar aikina ta ce ba ta taɓa jin an ce wuta tana jin yunwa ba, yanzu mun sa shi a wasan: in ka bar ta ba iska sai ta yi fushi ta mutu.

Mun zana gwanintar maƙeri kamar itace. Gawayi ne saiwa, zuga-zugi da awartaki da ido da masaba su ne gangar jiki. A mataki na shida sai ya yi rassa, mutum ya zuba makinsa a ƙirar kayan noma ko ta kayan yaƙi. Shekara ukun zuga-zugi mun mayar da ita minti ashirin, amma masu gwada mana wasan suna ta ƙorafi wai ya yi tsawo! Akwai kuma wata tsohuwa a bakin rijiya, wanda ya yi nadamar zaɓinsa sai ya je wurinta ta mayar masa da makinsa, ya sake rukuni ya zama maharbi ko abin da ya ga dama.

Ni kaina kullum ina kai. Ki gaya wa Baba na wuce zuga-zugi, ina mataki na huɗu, idona ya fara gane ruwan ɗorawa. A can ƙololuwar itacen akwai gurbi guda da na bari fanko, na goma ke nan. Ki lallaɓa shi ko inuwar abin ya ba mu.

Maganar Zakariya'u na gani, Baba ya fi mu sanin lokacin da ya dace. Ki gaishe shi. Zuwa kuwa, da aikin nan ya kammala ƙarshen shekara zan taho in zauna a gindin wutar nan in more.

Naki,
Lukman


Malbaza
17 ga Yuni, 2006

Lukman,

Muna lafiya, ruwa ya sauka, an yi shuka. Baba ba ya jin daɗin jikinsa sosai. Wata huɗu takardarka tana cikin jakata ban amsa ba, kuma ba rashin lokaci ba ne. Tsoro ne. Ka zauna kafin ka karanta.

Ranar da na kai wa Baba takardarka ta farko, ban karanta masa maganar wasa ba. Na fara daga gaisuwa, na tsallake duk inda ka yi bayanin kwamfuta da dodanni, na sauka a kan kunyar da ka ce ka ji da roƙon da ka yi. Akwai manoma uku zaune a maƙerar, ga Zakariya'u. Na kasa buɗe baki in ce ɗan marigayi Buba, wanda aka cire daga gado don ya zama wani abu, kayan wasa yake yi wa Turawa. Na ce in mun keɓe zan gaya masa. Da na ga fuskarsa sai na kasa.

Kai ka bar gida kana ƙarami, ba ka sani ba, amma ni na sani. A gidanmu ba a tambayar matakan ƙira don jin daɗin labari. Duk ɗan gidan da ya ce a lissafa masa su daga farko har ƙarshe, gado ya zo nema, haka Baba ya tambayi kakanmu, haka kakanmu ya tambayi nasa uban. Kuma muddin akwai ɗan namiji da ya nema, ba a ba ɗan mace. Zakariya'u ɗan mace ne, ubansa manomi.

Takardarka ta biyu ita ta ƙarasa ɓarnar, kuma nan ma ni ce. Na karanta masa cewa ka wuce zuga-zugi, idonka ya fara gane ruwan ɗorawa, kuma za ka zo ƙarshen shekara ka zauna a gindin wuta. Ya ɗauka ka samu wata maƙera a can kana koyo. Ya yi ta murna, yana cewa, "Ku ji min yaro, wata biyu ya yi abin shekara ukku. Jini ba wasa ba ne." Ya aika wa Ƙasimu baduku ya yanka maka sabon walki na fatar akuya, da ƙiyasin tsayinka na ranar da ka zo sallama za ka tafi Yamai.

Sallar Layya ta zo ta wuce ba a damƙa wa Zakariya'u komai ba. Ya ci gaba da aikinsa har watan Maris. Wata rana wani ya zo gyaran galma ya kira shi da magajin maƙera, sai Baba ya ce, ba da mugun nufi ba, "A'a, riƙo dai shi kai kahin mai abu shi iso." Zakariya'u ya gama galmar nan tsaf, ya wanke hannunsa, ya durƙusa ya ce, "Kawu, na gode da riƙo." Washegari ya kwashe iyalinsa. Yanzu yana nan Malbaza yana lodin buhuna a kamfanin siminti. Ina ganin wucewarsa ta ƙofar lakwal da yamma, fari fat kamar an tono shi, ya gaishe ni ya sunkuyar da kai.

Ka san abin da farkon damina yake ga maƙeri. Hauya da sungumi sun taru a ƙofa kamar itacen girki. Baba, da shekara saba'in da huɗu, shi ke zuga wutar, ya miƙe da gwiwar nan ya ɗauki masaba, kafin ya buga sau uku ƙarfen ya huce. Na ce ya kira Zakariya'u, ya ce ba zai kira mutum ya sake sallamarsa bayan wata shida ba, zai jira ka.

Ban yi ƙarya da bakina ba, layuka na tsallake, amma na san a wurin Allah duk ɗaya ne. Ina jin kunya, ina kuma jin haushinka, ko da yake ba ka da laifi sai na rashin karanta takarda da kyau. Na rubuta maka an fasa ba Zakariya'u gado, ka amsa mini da layi ɗaya ka koma kan tsohuwarka ta bakin rijiya.

Abu biyu ne. Ko ka zo da gaske ka ɗaura walkin nan, ko ka rubuta masa gaskiya da hannunka. Wannan karon zan karanta duka.

Sahiya


Lyon
6 ga Agusta, 2006

Yaya,

Na canja ɗaki, takardarki ta yi sati biyar a tsohon akwatina. Jiya na karɓo ta. Na kira telesantir, shagon tarhon nan na kusa da ku, sau biyu, aka ce kuna bakansi, an rufe makaranta kin tafi gida. Na sake karanta takardarki ta Disamba, ga maganar nan a fili, ni kuwa idona yana kan matakai. Ki karanta wa Baba wannan:

Baba, ina gaisuwa, ina neman gafara. Ni Lukman ɗan ƙaninka Buba ban taɓa riƙe awartaki ba. Wutar da na ce ina hurawa hoto ce a cikin na'ura, ba ta ƙona kowa. Aikina shi ne gina wasa, inda mutane ke zaɓar su zama maƙera na ɗan lokaci don nishaɗi, in sun gaji su zama wani abu. Don wannan na tambaye ka, ban san nauyin tambayar ba. Ba zan iya gadon uwar maƙera ba, hannuna na alƙalami ne, kuma na yi girma da zuga-zugi. Magajinka shi ne wanda ya yi shekara ashirin da biyu a gabanka. Ni da bakina na janye, na bar wa yayana Zakariya'u. Ka yafe mini.

Yaya, ki je wurin Zakariya'u ki nuna masa wannan shi ma. Ki rubuto da wuri.

Lukman


Malbaza
20 ga Satumba, 2006

Ƙanena,

Muna lafiya, gero ya yi kai, ana shirin azumi. Baba yana yawan ciwon kai, ya ƙi zuwa likita.

Na karanta masa, ban bar ko ɗigo ba, sannan na ɗauko takardunka biyu na farko na karanta abin da na tsallake. Na zaci zai yi faɗa. Da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Ya dubi toka, sannan ya ce, "Wanga wasa, mutum shi ka zaɓen abin da za shi zama?" Na ce e. Ya ce, "In ya gaji kuma shi sake?" Na ce akwai wata tsohuwa da ke mayar masa da abinsa. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ina ma ta biyo ta Tsarnawa."

Ya tambaya mutum nawa za su koyi ƙira a cikin na'urar. Na ce ka ce dubbai. Ya girgiza kai. "Maƙera dubu, kuma babu mai gyara ma maƙwabcina Maman hauyatai." Bayan haka ya ce in gaya maka ya yafe, wai yaro ya yi tambaya ne, babba ne ya ji abin da ransa ke so. Ni kuwa sai da zan tafi ya ce mini, "Ɗiyata, mai karanta ma makaho takarda amana ya ɗauka." Na yi kuka tun daga ƙofar gida har bakin hanya.

Ya aike ni wurin Zakariya'u da goro, ya ce in ce masa ya zo ya karɓi abinsa. Na same shi ya taso daga aiki. Ya saurari takardarka har ƙarshe, ya karɓi goron don ba a mayar da goron kawu. Sannan ya ce, "Sahiya, shekara ashirin da biyu takarda guda ta ɗaga ni. Yanzu wata takarda ta ce in komo. In ta ukku ta zo fa?" Na ce babu ta uku. Ya ce ba ya gaba da Kawu, amma zuciya ba ƙarfe ba ce da za a mayar wuta a miƙe yanzu-yanzu. Ya ce a bar shi ya yi azuminsa, ranar Sallah zai je da kansa.

Na gaya wa Baba, ya ce wata guda ba komai ba ne, Allah Ya kai mu. Ka taya mu da addu'a.

Yayarka,
Sahiya


Lyon
18 ga Oktoba, 2006

Yaya Sahiya,

Ya ibada? Takardarki ta sanyaya mini rai, ko da yake maganar hauyar Maman ta hana ni sukuni. Alhamdu lillahi da Zakariya'u ya yarda. Ki ce Baba ya je likita don Allah, ciwon kai a shekarunsa ba abin wasa ba ne.

An ba ni hutu a watan Janairu bayan wasan ya fito, zan zo in durƙusa gaban su biyun. Kafin nan ba zan iya fita ba, takardun zamana suna hannun hukuma ana sabuntawa.

Gurbin nan na goma har yanzu fanko yake. Shugabanmu ya ce ba a sakin itace da kai a buɗe, wai in sa takobi mai ci da wuta kowa ya huta. Ya ba ni zuwa ƙarshen Disamba. Ba na tambayar asirin, na bar wannan har abada. Amma ke me kika gani ya dace in sa?

Ƙaninki,
Lukman


Malbaza
10 ga Disamba, 2006

Lukman,

Ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. Mun gode da kiran da ka yi ranar uku. Ta tarho ba a iya magana, mutane na tsaye a bayana suna jiran layi, shi ya sa na ce sai na rubuto. Mu muna lafiya gwargwado.

Ka san ciwon ya buge shi saura kwana uku Sallah. Abin da ban gaya maka ba shi ne inda aka same shi. A maƙera ne, da hantsi, ya share ta, ya jera masaba da awartaki bisa tabarma, ya shafa wa uwar maƙera mai don ranar da zai miƙa ta. Ɓarin damansa ya shanye, harshensa ya karye.

Zakariya'u ya cika alkawari, ya zo ranar Sallah da farar rigarsa. Baba ya gane shi. Ya kama wuyan rigar da hannun hagu ya jawo kunnensa har bakinsa. Muka fita duka muka ja ƙofa, kamar yadda ake yi. Sun daɗe. Da Zakariya'u ya fito sai ya zauna a dokin ƙofa ya rufe fuska. Na ce ya ba ka? Ya ce, "Shina ta ba ni, Sahiya. Bakinai na motsi, iska ɗai ka hitowa." Kwana talatin da huɗu Baba ya yi bayan nan. Zakariya'u ya bar aikin siminti ya tare a gidan, kullum da safe sai Baba ya jawo kunnensa, kullum abin ɗaya ne. Ranar ƙarshe ma sai da ya gwada.

Dattawa sun damƙa wa Zakariya'u uwar maƙera bayan addu'ar bakwai. Wuta ta tashi, an gyara wa Maman hauyarsa. Walkin da aka yanka maka yana rataye a ƙusa, Zakariya'u ya ce ba zai ɗaura ba kuma ba zai sauke ba, in ka zo ka yi yadda ka ga dama da shi. Ba ya riƙe da kai. Kansa yake zargi da wata gudan da ya ce a jira, ni ina zargin kaina da layukan da na tsallake, kai ma na san abin da kake yi a can. Kowa ya ɗauki nasa.

Ranar Alhamis da ta wuce ina gidan, wata mata daga Alela ta zo a amalanke, man tuya ya zube mata a hannu. Tun kakanninta nan suke kawo ƙuna. Ta miƙa wa Zakariya'u hannun tana jira ya tofa. Ya dube ta, ya dubi uwar maƙera, ya ce, "Inna, ku tahi likita Ƙonni. Ba a ba ni ba." Ta ɗauka rowa ce, ta tafi tana faɗa.

Ka tambaye ni me za ka sa a gurbin nan. Takardar taka ta iso yana kwance, ban samu zuciyar amsawa ba sai yau. Kada ka sa takobi. Ka gaya wa shugabanku ka tambayi gida, an ce maka matakan ƙira yanzu tara ne. In ya matsa sai ya ji inda na goman yake, ka ce yana Tsarnawa, gabas da gari, kusa da kabarin mahaifinka.

Sai ka zo. Ka taho da rigar sanyi, Janairu ne.

Yayarka,
Sahiya